"Namu Ne" Ba Ta Riƙe Bango: Mu Daina Wasa da Aikin Kafa Kaya a Tsofaffin Gidajen Legas



Akwai wata ɗabi'a da ta zama mana jiki a garin nan, kuma lokaci ya yi da za a faɗe ta fili ba tare da rufa-rufa ba. Mutum zai tafi Alaba ya ƙirga kuɗi masu nauyi ya sayo talabijin mai inci 55. Zai sa a kunna masa ita a shago, ya duba ko'ina, ya ɗauki shatar mota, ya yi ta yi wa direba faɗa kada ya faɗa rami da gudu. Amma da an iso gida aka zo maganar wanda zai rataya ta a bango, sai ka ji ya ce, "A kira yaron nan na bakin get, ai yana taɓawa." Ko ya ce, "Ɗan wane yana da injin huda bango, a yi masa waya, namu ne." Shi ke nan, an gama tantancewa. Ba a tambayi ko ya taɓa aiki a irin wannan bangon ba, ba a tambayi me zai sa a cikin ramin ba, ba a tambayi ko ya san inda waya ta bi ba. Tambaya ɗaya ce ake yi, ita ce "nawa za ka karɓa?" Kuma duk abin da ya faɗa sai an raba shi biyu.

Matsayina a kan wannan a bayyane yake: sakaci ne. Sunan da muke ba shi, wai zumunci ko taimakon na gida ko tattali, bai canza komai ba. Kuma wanda ke biyan kuɗin wannan sakaci yawanci ba shi ne ya yi cinikin ba. Yaron da ke rarrafe a ƙarƙashin talabijin ne, ko matar da ke girki a ƙarƙashin kabad, ko maƙwabcin da ke hawan ƙasa.

Bangon da muke hudawa

Mu fara da sanin gidajen da muke ciki. Yawancinmu haya muke, kuma a tsofaffin unguwanni: Agege, Mushin, Idi-Araba, Ebute Metta, Yaba, Surulere, Obalende, Ijora, cikin Eko kanta. Waɗanda Allah ya ɗan buɗa wa suna Festac ko rukunin gidajen Jakande. An gina Festac ne domin bikin 1977. Gidajen Jakande kuwa na Amuwo-Odofin, Iponri, Isolo, Abesan da sauransu, an yi su a zamanin mulkin Lateef Jakande, tsakanin 1979 da 1983. Duk sun haura shekara 40. Na Ebute Metta da cikin Eko wasu sun girme su nesa ba kusa ba. Lokacin da aka gina su, ba wanda ya yi tunanin za a rataya allon talabijin mai faɗin ƙofa a jikinsu, ko tukunyar dafa ruwan wanka, ko injin na'urar sanyaya ɗaki.

Bangon irin waɗannan gidaje kala-kala ne, kuma fenti ya rufe bambancin. Akwai na bulon siminti, mai inci 9 a bangon waje da mai inci 6 a na raba ɗakuna. Wannan bulo rami ne a cikinsa. Naman da ke riƙe noti bai wuce inci ɗaya zuwa biyu ba, bayansa iska ce kawai. Idan kuma masu buga bulon sun yi rowar siminti, wanda kowa ya san ana yi, to da ɗan yatsa ma sai ka murtsuke shi. Akwai na jan bulo ƙonanne a gidajen da suka fi tsufa, mai ƙarfi a jikinsa amma ƙasar da ke tsakanin jere da jere ta gaji. Akwai na jar ƙasa da aka yi wa filasta da siminti, wanda 'yan uwanmu na Sabo a Ibadan da tsofaffin unguwannin Agege suka fi sani. Sannan akwai bangon ƙarya: mai gida ya raba falo ɗaya gida biyu da falanki ko allon fi'ofi don ya ƙara kuɗin haya, aka shafa fenti, ya saje da sauran.

A kan wannan sai ka ɗora yanayin Legas. Nan ba Kano ba ce, ba Sakkwato ba. Damina mai tsawo, iska mai ɗauke da gishirin teku, ruwa kusa da saman ƙasa. Danshi yana hawa bango daga tushe, filasta ta rabu da bulo alhali fuskarta lafiya lau. Ƙwanƙwasa da bayan sukudireba ka ji: inda ya yi ƙara kamar ganga, to filastar ta saki, tana tsaye ne kawai bisa ikon Allah. Rodin da ke cikin linta da dakin yana tsatsa, idan ya yi tsatsa ya kumbura, idan ya kumbura ya fasa kankaren da ke lulluɓe da shi. Shi ya sa kake ganin ɓawon siminti na faɗowa daga saman baranda a gidaje da yawa.

Mai aikin da ya san abin da yake yi, kafin ya ciro injinsa, sai ya karanta bangon nan. Zai ƙwanƙwasa, zai leƙa ɗaya gefen ya ga me ke can, zai huda ɗan ƙaramin rami ya dubi kalar ƙurar da ta fito. Toka-toka bulo ne ko kankare, ja kuwa jan bulo ne ko ƙasa, fari fat allon fi'ofi ne. Wanda bai sani ba, bango duk bango ne a wurinsa.

Abin da ke cikin ramin

Ku lura da yadda ake mana aikin. Wasu ko hudawa ba sa yi, kusar kankare suke dannawa da guduma har sai ta shige. Kusa tana riƙe abin da ke ja ƙasa, kamar agogo ko hoto. Abin da ke ja waje kuwa, a hankali take sakinsa. Wasu suna hudawa, sai su fiƙe ɗan itace ko tsinken tsintsiya su cusa a ramin, su ɗaura noti a ciki. Ranar farko gam yake kamar dutse. Itacen ya sha danshin damina ya kumbura, rani ya zo ya bushe ya motse, bayan zagaye biyu ko uku sai ramin ya yi masa yawa.

Robar da ake kira fisha, wadda wani Bajamushe mai suna Artur Fischer ya ƙirƙiro a 1958, aikinta shi ne ta buɗe a cikin rami idan noti ya shige ta, ta matse jikin bango. To idan bakin injin ya fi fishar kauri, me za ta matse? Idan notin gajere ne, ya ƙare a cikin filasta bai kai bulo ba fa? Idan an huda bulo mai rami da ƙarfin bugu har bayan namansa ya ɓalle ya faɗa ciki fa? Duk waɗannan ba ka ganinsu da ido, ƙarfen rataya ya rufe su.

Ga wani lissafi da ya kamata kowane magidanci ya riƙe. A ce talabijin ɗinka kilo 15 ce, ka sayi irin ƙarfen nan mai hannu da ake jawowa a juya. Ka jawo shi santimita 40 daga bango, tazarar notin sama da na ƙasa kuma santimita 20 ce. Ƙarfin da ke fizgar notin sama ya fito waje ya kai na kilo 30, ninkin nauyin talabijin ɗin. Duk ranar da aka juya ta wajen ɗakin cin abinci aka mayar, ana girgiza wannan notin. Tukunyar ruwan zafi mai lita 50 kuwa, ruwan kaɗai kilo 50 ne, domin kowace lita kilo ɗaya ce, ban da nauyin ƙarfen. Kuma a banɗaki ake kafa ta, bangon da ya fi kowane jiƙa a gidan, a saman kan mai wanka.

Akwai maganin duk wannan, kuma ba a ɓoye yake ba. Akwai fishar da aka yi musamman don bango mai rami. Ana iya cika ramin bulon da kwaɓin siminti a bari ya bushe kafin a huda. Ana iya ratsa bangon da dogon noti a sa faifan ƙarfe ta baya idan ɗaya ɗakin ma naka ne. Ana iya kafa faffaɗan katako mai kauri da noti da yawa don nauyin ya bazu, sannan a ɗaura kayan a jikinsa. Wani lokaci kuma amsar gaskiya ita ce, "Alhaji, bangon nan ba zai ɗauka ba, a sayi teburi ko ƙafar ƙarfe." Amma wanda ka matse a ciniki har ya rasa kuɗin mota ba zai gaya maka haka ba. Zai huda, ya ɗaura, ya karɓi kuɗinsa, ya kama gabansa.

Waya, bututu da silin

Nauyi ma da sauƙi a kan wuta. A gidajen da aka binne waya a cikin bango, yawanci tana tashi ne sak daga soket ko makunni zuwa sama, ko ta bi gefe a miƙe. To ina muke rataya talabijin? Daidai saman soket, don kada waya ta fito a gani. Wato muna zaɓar wurin da ya fi kowane haɗari a ɗakin. A tsohon gida kuma, masu haya nawa ne suka wuce, kowa ya kawo mai wayarin ɗinsa ya ƙara layi ya karkatar da wani? Ba mai taswirar abin da ke cikin bangon, har shi mai gidan.

Sau da yawa za ka ji an ce, "Yi sauri ka huda, ai an ɗauke wuta." Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni tsoro. Wutar Legas ba ta sallama kafin ta dawo. Ga janareton maƙwabci da aka jona, ga batirin inbata da ke ciyar da wasu layuka ko da an ɗauke. Dole a kashe daga babban akwatin wutar gidan, a raba layin janareto da na inbata, a gwada soket a tabbatar. Wutar gida bolt 230 ce, tana kisa, musamman ga wanda ke tsaye ba takalmi a kan tayil. Kuma ba kullum take nuna kanta nan take ba. Bakin injin zai iya goge rigar waya kaɗan, notin ya zauna a jikinta, komai na aiki lafiya. Bayan watanni wurin ya riƙa zafi, wata rana cikin dare a ji ƙauri. A gidajen da aka maye gurbin fis da guntun waya mai kauri, babu abin da zai katse wutar. Idan gobara ta tashi sai mu ce wutar nefa ce, alhali raminmu ne.

Akwai ƙaramar na'ura da ake gogawa a bango, tana ƙara idan ta ji waya ko ƙarfe. Kuɗinta bai kai na ƙarfen rataya mai kyau ba. Duk mai aikin da ke kiran kansa ƙwararre bai mallake ta ba, a tambaye shi dalili.

Bangon da ke bayan banɗaki ko kicin kuma akwai bututun ruwa a ciki. A tsofaffin gidaje na ƙarfe ne da tsatsa ta riga ta cinye, a waɗanda aka sabunta na roba ne da injin ke ratsawa kamar tuwo. Idan ya fashe a hawa na biyu, silin ɗin na ƙasa ne zai sha, da katifarsa da kayan sawarsa.

Sai silin. Gidaje da yawa na wancan zamani allon asbestos ne a samansu. Idan an bar shi ba ya komai, amma idan aka huda ko aka yanka, ƙurarsa tana shiga huhu ta zauna, cutarta kuma sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. Ba ya ɗaukar nauyi ko kaɗan. Fankar sama tana bukatar ƙugiya da ke riƙe da rodin dakin ko katakon rufi mai lafiya, wanda gara ba ta ci ba. Nawa ne daga cikin waɗanda muke kira suke hawa su duba?

Ranar jere

Yanzu bari in juyo wajen iyayenmu mata da 'yan uwanmu, Hajiya a yi haƙuri, maganar ta shafe ku. Babu ranar da ake tafka wannan ganganci kamar ranar jere. An yi wa yarinya kayan ɗaki a Kano ko Kaduna, an auna su da faɗin ɗakunan can, an ɗoro a tirela. Sun iso Legas ana gobe ɗaurin aure. Matattakalar benen ƙunci gare ta, wadirof ba ta juyuwa. Sai a kwance ta a tsakar gida cikin gaggawa, a kira duk wanda aka samu ya harhaɗa a sama, 'yan jere na tsaye a kansa suna cewa ya yi sauri magariba ta yi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum ranar muke fafewa.

Kayan yanzu yawancinsu ba katakon gaske ba ne, garin katako ne da aka matse da gam. Ramin notinsa sau ɗaya ko biyu yake riƙewa da kyau, kowace kwancewa tana rage masa ƙarfi. Siririn allon da ke bayan wadirof, wanda masu gaggawa ke bugawa da kusa huɗu su wuce, shi ne ke hana ta karkacewa. Idan ka ga mai haɗawa ya gama ga noti shida a ƙasa ya ce "ragowa ne," to ka sa ya nuna maka a takardar haɗin inda aka ce akwai ragowa. Idan aka manna irin wannan allo da bango mai danshi, ko aka girke shi a daɓen da ruwa ke kwanciya, wata shida ya isa ya kumbura ya fara zubar da gari.

Sannan a cika kabad da tangaran da kwanuka da kuloli tun daga sama har ƙasa, masu nauyin ma a sama don su fi fitowa a ido. Daɓen tsohon gida kuma ba safai yake daidai ba, sau da yawa yana gangarowa tsakiyar ɗaki. Bayan shekara biyu an samu ƙaruwa, yaro ya fara tafiya. Ya jawo durowar ƙasa, ya taka, ya jawo ta biyu, ya kama don ya ɗauko abin da ya hango. Nauyi ya koma gaba, kabad ta biyo shi.

Kada wani ya ce tsoratarwa ce. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 a Amurka bayan irinsu sun faɗo wa ƙananan yara sun kashe su. Daga 2023 doka a can ta wajabta wa masu ƙera irin waɗannan kaya su ci jarrabawar rashin kifewa kafin su sayar. Can ke nan, inda daɓe yake a miƙe kuma ake bin kowace mutuwa a rubuta. Mu a nan ba mai rubutawa. Ana zaman makoki, a ce kwana ne ya ƙare, a tashi. Abin da ke hana wannan kuwa ƙarfe ne ɗan ƙarami mai kusurwa da noti biyu, da zai ɗaure saman kabad da bango. Aikin minti goma.

Uzurorin da muke kawowa

Na san amsoshin da za a ba ni, don kullum su ake bayarwa.

Na farko: "Gara mu ba namu ya ci da mu ba bare." Ina tare da ku a kan taimakon namu, ɗari bisa ɗari. Amma wane irin taimako ne ka ɗora wa yaro aikin da bai iya ba, ka ba shi kuɗin shayi, idan abu ya faɗo kuma ka bi gari kana ɓata masa suna? Idan wuta ta ja shi a falonka, me za ka gaya wa mahaifiyarsa a Daura ko Birnin Kudu? Wanda yake son ɗan uwansa ya ci abinci da wannan sana'a, sai ya kai shi ya koya, ya saya masa kayan aiki, sannan ya biya shi cikakken lada kamar yadda zai biya bare. Abin da muke yi yanzu, mu faɗi gaskiya, neman arha ne muka sa masa rigar zumunci.

Na biyu: "Ƙwararrun tsada gare su." Ka ɗauki kuɗin aikin ka ajiye kusa da kuɗin talabijin ɗin, ko kusa da kuɗin dare ɗaya a asibiti, ko kusa da kuɗin da za ka biya ejan da lauya idan aka tashe ka daga gidan. Ƙwararre yana cajin lokacin da zai ɓata yana duba bango, da noti na kirki da zai sayo, da injin da ya zuba kuɗi a kai, da dawowar da zai yi idan wani abu ya motsa. Arha dai ba ta ado.

Na uku: "Ba na son baƙo ya shiga cikin iyalina." Wannan uzuri ne mai nauyi, kuma ban raina shi ba. A garin nan an sha ganin wanda ya shigo aiki da rana ya dawo da abokansa da dare. Amma maganinsa shi ne ka sa ranar da kake gida, iyali su koma ɗaya ɗakin, ka san shagonsa da wanda ya tsaya masa, ka tsaya a kansa har ya gama. Amana da iya aiki abu biyu ne, dukansu kake bukata. Mai gadin da ya shekara goma bai taɓa ɗaukar maka tsinke ba, wannan bai sa ya san inda waya ta bi ba.

Na huɗu: "Mun daɗe muna yi, ba abin da ya faru." Kayan da iyayenmu suka rataya agogo ne da kalanda da madubi. Kayan yau sun ninka nauyi, bangon kuma ya ƙara shekara 30 a kan tsufansa. Noti ba ya faɗa maka ranar da zai saki.

Na biyar: "Allah ne ke tsarewa." Haka ne. Amma kai da kanka kana kulle shagonka da kwaɗo uku, kana sa wa motarka na'urar bibiya. Me ya sa sai a kan abin da ke rataye a saman kan 'ya'yanka ne ka tuna da tawakkali?

Mai gida da mutuncinmu

Akwai kuma ɓangaren doka. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗora wa ɗan haya kada ya yi sauyi ko ƙari a gini sai da rubutaccen izinin mai gida, kuma ya sanar da shi idan babbar ɓarna ta samu ginin. Fasa bango don bututun na'urar sanyi, ko kafa tukunyar ruwan zafi, ko rataya kabad a kicin, duk abubuwa ne da mai gida zai iya kafa hujja da su. Ka karanta yarjejeniyar da ka sa wa hannu. Ka tura wa mai gida ko kiyateka saƙo a rubuce, ka ajiye amsarsa, ka ɗauki hoton bangon kafin aiki da bayansa. Ranar tashi, wannan hoton ne zai tsaya maka a kan kuɗin ajiyar ɓarna da ka biya.

Kuma kowa a nan ya san wahalar da Bahaushe ke sha kafin ya samu haya a wasu unguwanni. Idan ɗayanmu ya fasa bututu ya jiƙa wa na ƙasa kaya, ba sunansa za a riƙe ba. Cewa za a yi "malaman nan," kuma na gaba da zai zo neman ɗaki shi zai biya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu gidajen ma suna da nasu laifin, suna karɓar haya shekara da shekaru ba su taɓa gyara waya ko yoyo ba, kuma wannan magana ce da za mu yi wata rana. Idan kuwa gidan da kake ciki hukumar LASBCA ta riga ta shafa masa alama, to batun talabijin ya wuce, batun tashi ake yi. Ba mu manta da benen Ita Faaji da ya rufta da 'yan makaranta a watan Maris na 2019 ba.

Ga masu sana'ar, da shugabanninmu

Ku kuma 'yan uwa masu wannan aiki, kafintoci da masu wayarin da masu haɗa kaya, ba ku tsira ba. Kalmar "zan iya" ta yi yawa a bakinku. Faɗin "wannan ba fannina ba ne, a kira mai wuta" ba ya rage wa mutum daraja. Kada ku karɓi kuɗin noti mai kyau ku sayo na banza. Kada ku yi shiru idan kun ga bango ruɓaɓɓe don tsoron kada aiki ya kuɓuce. Wanda ya rataya abu a saman inda yara ke kwana, amanar rai ya ɗauka.

Ga shugabannin ƙungiya da sarakunanmu da masu unguwanni, ga aiki a gabanku. Tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 na Legas a ranar 1 ga Yuni 2022, aka ƙara wasu 4 a watan Satumba, matasanmu da yawa suke zaune ba madafa. A gefe guda kuma garin nan cike yake da mutanen da ke tashi daga gida zuwa gida kullum, kowa na neman wanda zai kwance masa gado ya haɗa, ya kafa masa labule da talabijin. Kasuwa ce a buɗe. Jihar tana da kwalejojin fasaha na gwamnati a Agidingbi, Ikotun, Ikorodu, Ado-Soba da Epe. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai mataki 3. Akwai tsofaffin kafintoci a Mushin da Agege, Hausawa da Yarbawa, da za su karɓi almajiri idan babba ya kai shi. Me zai hana a zaɓi matasa kaɗan a kowace shiyya a ɗauki nauyinsu, a haɗa kuɗi a sayi injin hudawa na kirki da na'urar gano waya da tsani, a ajiye a ofis ana ba da aro? Me zai hana a buɗe rajistar masu aiki da aka gwada, kowa da wanda ya tsaya masa, wanda ya yi ha'inci a cire sunansa? A ranar ne kalmar "namu ne" za ta zama shaida da mutum zai dogara da ita.

Kafin wannan ya tabbata, ga abin da ke hannun kowane magidanci yau. Idan ka koma gida, ka kama gefen talabijin ɗinka ka ɗan girgiza, ka duba ko akwai garin siminti a ƙasanta. Ka ja saman kabad da wadirof a hankali ka ga ko suna biyo ka. Ka sauko da kaya masu nauyi zuwa ƙasa, ka janye shimfiɗar yara daga ƙarƙashin duk abin da ke rataye. Idan za ka kira mai aiki, ka tambaye shi wane irin bango ne wannan, me zai sa a ramin, ina waya ta bi, kuma zai dawo idan ya motsa? Wanda ya amsa da bayani, ka biya shi abin da ya nema ba tare da ka wulaƙanta shi ba. Wanda ya ce "kar ka damu Alhaji, ba matsala," ka ba shi kuɗin mota ya tafi.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa albarka a sana'o'inmu. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai gani ba, musamman masu shirin jere.